Tukunyar da Ta Daina Kuka

Shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, ni ban san inda zan sa kaina ba. Na bar lakwal, makarantar boko, tun ban kai ga jarrabawa ba, na yi tallan rake, na yi karen mota, na je ci-rani Kano na dawo da tari da wata rediyo da ba ta magana. Gyaɗa ta ƙi, gero ya ƙi. Duk saurayin da ke da ƙafa a Matamaye ya riga ya bi hanyar Ɗan Barto ya tsallaka iyaka. Ni ma na yi magana da wani direba, ya ce in zo tasha ranar Juma'a, akwai wuri a bayan kamyo, babbar motar kaya.

Mahaifina Bawa shi ne mai wuta a wani ɗan kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan gari. Aikinsa kula da tukunyar tururi, wata ƙatuwar baƙar tukunyar ƙarfe da ke kwance kamar raƙumi ya durƙusa. Ana cika ta da ruwa, a hura mata wuta da ɓawon gyaɗa, tururin ya bi bututu ya je ya dafa gyaɗa a manyan tukwane kafin a matse. Tsohuwa Baba yake ce mata. Da gyaɗa ta ƙi, mai kamfanin ya rufe ya koma Kano, amma Baba bai daina zuwa ba. Kullum da safe sai ya je ya goge ta da tsumma, ya zauna kaɗan, ya dawo.

A bazarar nan mutanen arewa suka cika bakin gari, mutanen Damargu waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Soja suka kawo jar dawa ta taimako, mai taurin tsiya, wadda sai ta sha wuta sosai take nuna. Itace kuwa babu, kashin shanu babu tun da shanun ma babu. Mata suna ba yara dawa rabin ɗanye, cikin yaran yana ɓaci.

Wani soja mai muƙamin Ajidan ne aka ɗora wa rabon abincin. Shi ya ga tulin tsohon ɓawon gyaɗa a bayan kamfani, ya leƙa ciki ya tarar da mu, Baba yana guga ni kuma ina zaune ina damunsa da zancen Kano.

"Tsoho, kai ne mai wutar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tukwanen can za su dafa dawa?"

"Abin da ya dafa gyaɗa ai ba zai ji tsoron dawa ba."

Ajidan ya so a kunna a ranar. Amma da ya je wurin Kumandan mai mulkin gari aka ce masa akwai doka: tukunyar tururin da ta daɗe a kashe ba a kunna ta sai mai duba ya zo daga Damagaram ya gwada ta, ya buga mata hatimi. Ajidan ya yi tsaki, amma ya aika. Ya ce sabuwar gwamnati ba ta so a ce ta fara da fashewar tukunya.

Mai dubawar ya iso a bayan motar soja, da akwati da wani famfo na hannu. Mushe Illa ake ce masa, wato Malam Illa a bakin ƴan boko, ɗan siriri, gajere, da tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Bai yi dogon zance ba. Ya tuɓe riga ya buɗe ƙofar cikin Tsohuwa, ya miƙo mini fitila ya ce in biyo shi, tun da ni ma ba ni da tumbi. Muka rarrafa ciki. Yana ƙwanƙwasa kowace ƙusa da ƴar guduma, yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Da muka fito duk mun yi fari da ƙura, ya dubi Baba ya ce, "Baba, ka riƙe amana. Na shiga tukwanen da ba su kai rabin shekarunta ba, sun fi ta lalacewa."

Na ga Baba ya gyara hula.

Sai maganar ruwa. Mushe Illa ya ce gwajin da ruwan sanyi ake yinsa, a cika ta fal har ba wurin iska, sannan a matsa da famfo. In za ta tsage, gara ta tsage da ruwan sanyi, sai dai a jiƙe. In da tururi ne, ba wanda zai ba da labari. Rijiyoyin gari kuwa sun ja baya, sai a garake, wato lambuna, ake samun na kirki. Wata dattijuwa daga cikin mutanen Damargu, Mariyama, ita ta tara mata suka yi ta jido da tulu da bokiti da ƙwarya.

"Ikon Allah," in ji ta, tana miƙo mini tulu ina bisa tsani. "Mu da muka baro gida don ƙishirwa, ga mu muna shayar da ƙarfe. Ɗan nan, riƙe da kyau, kada ka zubar. Hannunka kamar na wanda bai taɓa aiki ba."

"Inna, ni fa na yi aiki a Kano."

"Shi ya sa ka dawo da arziki haka."

Matan suka kwashe da dariya.

A ƙoƙon kan Tsohuwa akwai wani ɗan murfi da ake kira supap. Yana da dogon hannu na ƙarfe, da dunƙulen ƙarfe a ƙarshen hannun wanda ke danne murfin. In tururi ya yi yawa sai ya ɗaga murfin ya fita da ƙara, wannan ƙarar ita Baba ke cewa kukan Tsohuwa. A jikin hannun nan, can wajen ƙarshe, layu ne rataye jere da juna, sun yi baƙi da hayaƙi da mai. Tun ina yaro na san su. Marigayi Shekara, mutumin Tsauni wanda ya koya wa Baba aiki, shi ya rataya ta farko, don a nan ne fushin tukunyar ke fita. Bayansa duk mai wutar da ya zo sai ya ƙara tasa. Kuma kowa ya shaida, duk layar da aka ƙara sai kukan ya ragu.

Ta ƙarshe ita ce babba, ƙahon rago ne cike da rubutu, an ɗinke shi da jar fata da zoben ƙarfe. Mahaifiyata Hawa ce ta je har Dawce aka yi mata. A lokacin duk sanda Tsohuwa ta yi kuka sai a ji har gidanmu, Inna ta yar da abin da ke hannunta ta ruga bakin ƙofa tana salati. Tun ranar da aka rataya ƙahon nan Tsohuwa ba ta sake kuka ba. Inna ta samu kwanciyar rai har Allah ya karɓi abinsa.

Mushe Illa ya hau, ya tsaya yana kallon layun. Bai taɓa su ba. Ya ɗaure hannun supap da waya don kada ya ɗaga, ya sauko ya ce in kama famfo.

A gaban tukunyar akwai agogo mai allura ɗaya, da jan layi a fuskarsa. Na yi ta bugawa, allura tana hawa, ta wuce jan layi, ta ci gaba har inda Mushe Illa ya ce ya isa. Ya zagaya ta yana shafa kowane haɗi da tafin hannu. Ko ɗigo babu. Ajidan da ke tsaye da sojojinsa ya ce, "To, madalla. Buga hatiminka."

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya rage ruwan har allura ta sauka, ya kwance wayar, ya ce in sake bugawa a hankali. Ya ce da allura ta taɓa jan layi dole supap ya buɗe da kansa. Na buga. Allura ta taɓa jan layi. Shiru. Ta wuce da faɗin yatsa, ta wuce da faɗin yatsa biyu, supap ko motsi.

"Tsaya nan," in ji Mushe Illa. Ya hau tsani, ya yi bisimilla, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin layun ya ɗan tallafe su. Nan take ruwa ya yi tsartuwa har rufi, ya zubo mana a ka.

Ba wanda ya yi dariya. Ya sauko yana share fuska, ya je gaban Baba ya rage murya.

"Baba, ka san sikelin masu sayen gyaɗa. Ɗan dutse kamar ƙwai, in aka tura shi ƙarshen sanda, sai ya ɗaga buhu."

"Na sani."

"Haka hannun nan yake. Ban ce komai ba a kan abin da ke rubuce cikin layun, ni ma ɗan Musulmi ne. Nauyin fata da ƙaho da zobe nake magana. Tukunyar nan ba lafiya ce ta sa ta yi shiru ba, bakinta aka danne. Sai an sauke su zan buga hatimi."

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Mushe, in aka sauke su, ni ba zan tsaya gabanta ba."

"In suna nan, ni kuma ba zan buga ba."

Ajidan ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya fara da Mushe Illa, ya ce shekara nawa tukunyar tana aiki da layun nan ba ta fashe ba, ya buga kawai a wuce wurin, yara suna mutuwa. Mushe Illa ya ce, "Ranka ya daɗe, mata da yara za su yi layi a bakin ƙofar nan kullum. Ka kulle ni in ka ga dama, hatimin yana cikin akwati, amma ba da hannuna ba." Ajidan ya juya ya ce wa wani soja ya hau ya yanke layun. Sojan ya zaro wuƙa, ya taka tsani ɗaya, ya tsaya yana kallon Ajidan. Ajidan ɗin ma na lura hannunsa yana kan damtsensa, inda wani abu ya ɗan tasa a ƙarƙashin kaki. Bai maimaita umarnin ba. Ko da an yanke ma, a duk faɗin Matamaye ba wani mai wuta sai Baba.

"Tsoho," in ji shi, "gobe da hantsi ina so in ga hayaƙi. In ban gani ba, kai ne ka tsaya tsakanin mutane da abinci, kuma ka san inda muke kai irin waɗannan yanzu."

Kowa ya sani. A watan nan an tafi da manyan mutane a bayan mota saboda buhun dawa, balle Baba.

Bayan la'asar aka watse, muka rage ni da shi a inuwar bango. Na fara yi masa bayanin sikeli, sai ya ɗaga mini hannu.

"Inusa, kada ka mai da ni jaki. Na gane tun kafin ya rufe baki. Tun ruwan nan bai sauko ƙasa ba na gane."

"To, Baba, me ya rage?"

"Uwarka ta sayar da akuyarta ta tafi Dawce a ƙafa. Ta dawo ta ba ni ƙahon nan da hannunta, ta ce in rataya, kada in taɓa tsayawa gaban wuta babu shi. Na ce to. Shekarun nan duka tana barci da daɗi, ashe bakin abin da zai cece ni muka ɗaure. In na hau na sauke, me na ce mata ke nan?"

Ni dai abin da nake gani shi ne Baba a bayan motar soja, da tsufansa da ciwon gwiwarsa.

"In kai ba za ka kunna ba, ni zan kunna," na ce.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da ba ka iya zama har shayi ya tafasa?"

"Na sha ganin yadda kake yi."

"Ka sha ganin liman ma, ai ba ka ja salla ba. Ba jibi za ka hau kamyo ba?"

"Sai in ga hayaƙi tukuna."

Ya yi tsaki ya tashi ya tafi masallaci.

Da gari ya waye na riga shi fita. Na tarar da Mushe Illa zaune a kan akwatinsa yana shan kunu, Mariyama da matanta sun riga sun wanke tukwane sun jiƙa dawa. Na jido ɓawon gyaɗa na tara a bakin murhu. Na san inda ake zuba ɓawo, amma ban san yadda ake sanin ruwa ya ragu ba, ban san wane famfo ake fara buɗewa ba. Mushe Illa ya ce zai tsaya tare da ni yini ɗaya, daga nan ana jiransa a wani gari.

Na kafa tsani na hau. Ina miƙa hannu ga layar farko sai na ji muryar Baba daga ƙofa.

"Sauko. Ba hannunka ya rataya su ba."

Na sauko. Ya shigo ya tsaya a gindin tsanin, bai hau ba, bai kuma koma ba. Mariyama tana tsame dawa tana kallonsa ta gefen ido. Labari ya riga ya kai mata, don a Matamaye magana ba ta kwana.

"Malam Bawa," ta ce, "ni baƙuwa ce, bakina bai kamata ya shiga ba."

"Ai ya riga ya shiga, Mariyama."

Ta jawo wata igiya daga wuyanta, da ƴar laya a jiki, duk gashi ya manne mata. "Ta taguwarmu ce, raƙumarmu. Maigidana ya rataya mata don ita ke ɗauke da mu. Da ta faɗi a hanya na kwance abata na taho. In tambaye ka, matar nan taka, da ta tafi Dawce, ƙarfen take so ko kai?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙahon.

"Don in ƙarfen take so," in ji Mariyama, "to lallai ta yi zaɓen miji."

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Baba ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya tuɓe takalmi, ya ce in riƙe masa tsani.

Ya daɗe a sama, don igiyoyin sun bushe sun ƙanƙame. Bai yarda a miƙa masa wuƙa ba, da farce da haƙori ya kwance su. Kowace ya kwance sai ya ambaci sunan mai ita, ya ce Allah ya jiƙansa, ko Allah ya kai masa lafiya inda yake, ya miƙo mini. Ta Shekara ta kusa narkewa a hannuna. Da na tara su a hannu ɗaya sai na ji nauyinsu. Ƙahon ne na ƙarshe. Shi bai miƙo mini ba, ya rataya shi a wuyansa ya tura cikin riga, ya sauko. Sauran ya samu ƙusa a bango, kusa da inda yake shimfiɗa buzunsa, ya rataye su a nan.

Mushe Illa ya ce in kama famfo. Allura ta hau, tana taɓa jan layi ruwa ya yi tsartuwa. Ya sa aka maimaita, aka sake samun haka. Sai ya buɗe akwati ya ɗauko wani ɗan guntun ƙarfe, ya ɗora a kan allon tagulla da ke goshin Tsohuwa, ya buga da guduma sau ɗaya. Na matsa na duba. Ɗan hatimi ne da bai fi ƙwayar wake ba. Duk wannan tashin hankali a kansa.

Aka rage ruwan zuwa inda ya kamata, wanda aka rage matan suka tare a bokiti. Baba ya yi bisimilla ya kunna. Lokacin da motar Ajidan ta tsaya hayaƙi ya riga ya miƙe. Ya leƙo, ya dubi hannun supap, ya dubi bango. Ya ce wa sojojinsa su sauke buhuna.

Wajen azahar, dawa tana tafasa a tukwane, mutane sun yi layi da ƙore da kwanoni har bakin hanya, sai Tsohuwa ta yi kuka. Ni na manta yadda yake. Ƙara ce mai tsaga kunne, farin tururi ya cika rufi. Layi ya watse, yara suna ihu, wani soja ya faɗa bayan buhuna. Baba kuwa shebur ya suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannun ƙirji ya dafe ƙahon ta cikin riga. Allura ta ɗan sauko ƙasa da jan layi, kukan ya tsaya da kansa.

"Haka ake so," in ji Mushe Illa, yana ɗaga murya don matan su ji. "Ku dawo, ba komai. Ranar da ta yi shiru, ranar za ku gudu."

Baba ya sunkuya zai ɗauki shebur. Na riga shi ɗauka. Bai hana ni ba. Ya ja baya ya zauna a kan buzu ƙarƙashin layun.

"Da uwarka tana nan," ya ce, "da yanzu tana bakin ƙofa."

Na fara zuba ɓawo, sai ya ce, "Kai, ba haka ake zubawa ba, za ka kashe wutar. Watsa shi, kada ka tula. Kuma idonka a kan gilashin ruwan nan, ba a kan ƴan matan layi ba."

Ranar Juma'a direban ya biyo ta bayan kamfani, don an ce masa ina can. Na ji odar motarsa sau biyu. A lokacin Baba yana nuna mini yadda ake ƙara ruwa ba tare da an firgita tukunya ba, hannuna ɗaya a kan famfo, kuma ya ce in na saki sai mun sake daga farko. Kafin mu gama motar ta wuce.

Mariyama ta shigo da ƙwaryar dawa ta ajiye tsakaninmu. Ta dubi tafin hannuna da ya yi kanta, ta ce, "Af, ashe ana samun hannu a Matamaye." Baba ya ɗebi loma ya tauna, ya ce ta nuna, amma gishiri ya yi kaɗan.